Teburin Gugar Umma

Babana bai taɓa shiga ɗaki ya fara duban mutanen da ke ciki ba. Bango yake fara dubawa. In akwai hoto a rataye, ko na aure ne ko na yaro ranar gama makaranta, sai ya miƙe kai tsaye wurinsa, ya kafa ido a kusurwar firam ɗin, daidai inda katako biyu suka haɗu, ya ce "to" ko ya ce "kai". Sai ya yanke wannan hukunci sannan ya juyo ya gaisa da masu gida. Mun sha kunya a gidajen mutane saboda wannan hali. Maƙwabta suka laƙaba masa Mai Kusurwa, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar muƙami aka ba shi.

Kafinta ne, amma ba irin wanda ake kira ya gyara ƙofa ko ya haɗa gado ba. Firam kawai yake yi. Abokan sana'arsa da suka kama yin kujeru da kabad sun gina gidaje, wasu har sun sayi mota, shi yana nan a ɗan shagonsa da ke jikin gidanmu, yana goge siririn katako da samfefa har sai ya yi santsi kamar kuncin jariri. In aka kawo masa aikin gado sai ya ce ai gado kowa ma yana iya yi. Umma ta ce kowa yana iya yi shi ya sa kowa yake ci da iyalinsa. Sai ya yi dariya ya koma shago.

Yawancin aikinsa na mutum ɗaya ne, wani mai zane, dogo, mai yawan tari, wanda duniya ta zo ta san da shi daga baya. Baba "Mutumina" yake ce masa. Umma kuwa "ubangidan babanku" take cewa, tana taɓe baki. Yakan zo da rana da sabon zane a hamata, ya zauna a tsakar gidanmu yana shan shayi, yana 'yan zane-zane a takarda, yana jiran Baba ya gama awo. Ya iya yabo, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ce wa Baba, "Ni na yi zanen, amma kai kake sa masa sutura," sai ka ga Baba ya wuni yana murmushi shi kaɗai. Da wannan magana aka riƙe shi har ya tsufa.

Ga yadda yake aiki, don wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da ya faru ba. In an kawo zane, kallo ɗaya yake yi wa fuskarsa, don ya san ko katako mai duhu ne zai dace ko mai haske. Daga nan sai ya shimfiɗa tsohon bargo a kan benci, ya kife zanen a kai. Duk sauran aikin ta baya ake yi: awo, zaunar da shi cikin firam, buga ƙananan ƙusoshi, ɗaura igiyar ratayewa. Ya yi kwanaki da zane a shagonsa, bayansa kawai yake gani. Shi ya sa ya san kowane ɗaya ta baya. Wannan yana da tabon shayi, wancan an yi wa ƙyallensa faci, wani kuma Mutumin nasa ya goge buroshi a jiki. In ka tambaye shi me aka zana a gaba, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Akwai dai shuɗi a ciki."

Umma kuma guga take yi. Kayan ma'aikata na unguwa duk wurinta ake kawowa, kuma da abin da take samu muka yi makaranta, duk da ba a faɗin haka a gaban Baba. Tana da tebur nata na kanta, wanda ta taso da shi daga gidan mahaifinta, baƙin katako ne mai nauyi, sai mutum biyu suke iya ɗaga shi. A ɗakin tsakiya yake, a ƙarƙashin taga. Tana tsayawa a gabansa ta ba ƙofa baya tun safe har rana ta yi sanyi. A gefe ɗaya na teburin akwai tabon ƙuna mai siffar dutsen guga. Ni na jawo shi. Ranar da na faɗo daga katanga na fasa haɓa, ta saki dutsen a kan katako ta fito da gudu. Tabona yana nan a haɓa har yau.

Wata rana muka dawo daga asibiti ni da ita, mun je duba ƙanwarta, muka tarar ba tebur. Ƙafafunsa huɗu suna jingine a bango, samansa yana shago an riga an tsaga. Wai Mutumin ya kawo wani zane da ya ce ya fi duk abin da ya taɓa yi, kuma ba abin da zai dace da shi sai tsohon baƙin katako wanda ya bushe da kansa, irin na teburin can. Baba ya zagaya 'yan katako bai samu ba. To, ga shi a gida.

Umma ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tsaya a bakin shago tana kallon garin katakon da ya zuba a ƙasa, ta ce, "Mai Kusurwa, a kan me zan yi guga gobe?"

Ya ce zai haɗa mata wani wanda ya fi shi. Ya ce, "Wannan katako ya wuce a riƙa ɗora masa wandunan mutane. Wata rana a babban gida za a rataye shi, manyan mutane su tsaya a gabansa. Ni da kaina zan kai ki ki gani, ki ce na gaya miki."

Ya haɗa mata wani teburin da ragowar farin katako. Ƙafa ɗaya ta gaza, kullum sai an cusa mata kwali. A kansa ta ƙarasa rayuwarta. Maganar Baba kuma ta tabbata rabi: Mutumin ya rasu, sunansa ya ɗaukaka, aka tattara ayyukansa a babban gidan nuna zane-zane da ke can ɗaya ƙarshen gari. Baba ya shiga gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa aikinsa yana rataye a can. Ya gaya wa mai aski, ya gaya wa likita, ya gaya wa iyayen mijina ranar da suka fara zuwa gidanmu. Maganar kai Umma can kuwa, kullum sai an ɗan sami sarari. Ita ba ta taɓa tuna masa ba, girman kanta ya fi haka. Har Allah ya karɓi abarsa ba a sami sararin ba.

Ban yafe masa wannan ba, kuma ba na jin zan ɓoye. Ina son babana, ina yi masa wanki, ina kai masa magani, amma duk lokacin da ya fara "aikina yana rataye" sai in tashi in bar wurin.

Bayan hannunsa ya fara rawa ya rufe shago, sai ya dawo gidana da zama. Wata ranar hutu da hantsi ya kira ni ya ce, "Ke, yau ki kai ni in ga kayana. Kuma ina so ki ga na teburin nan da idonki, tunda uwarki ba ta samu ba." Ya faɗi haka kamar ita ce ta ƙi zuwa. Na buɗe baki zan yi magana, na ga ya riga ya fito da rigarsa ta zuwa biki ya shimfiɗa a gado, ya goge takalmi har yana ƙyalli. Na haɗiye maganata na ce to.

Da azahar muka isa. Gini ne babba mai sanyi, ƙasansa yana sheƙi, mutane suna tafiya a hankali suna raɗa kamar an kwantar da marar lafiya a ciki. A bakin ƙofa Baba ya gyara wuyan riga, ya ce wa yarinyar da ke zaune a teburin shiga, "Sannu 'yata. Ni ne mai firam." Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ta nuna mana hanya.

Muka shiga ɗakin farko. Farin bango, fitilu daga sama, zane-zane a jere. Ko ɗaya ba shi da firam. Ƙyalle ne kawai a ɗame a kan katakonsa na ciki, gefensa a fili, ana ganin inda fenti ya zuba ya bushe.

Baba ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ja hannuna. "Ba nan ba ne," ya ce. "Waɗannan ba a gama su ba. Ki tambaya mana ina aka ajiye waɗanda aka gama."

Muka wuce ɗaki na gaba, haka. Na gaba da shi ma haka. Tafiyarsa ta fara sauri, takalmin da ya goge yana ƙara a kan siminti, mutane suna waiwayowa. Na koma na tambayi yarinyar. Ta ce ai sabon shugaban gidan ne ya sa aka cire su tun tuni, wai tsofaffin firam ɗin sun yi wa zanen nauyi, suna ɗauke hankalin mai kallo, yanzu an fi son zane ya sha iska. Da ladabi ta faɗa, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi. Na ce ina aka kai su? Ta ce ba ta sani ba gaskiya, kafin a ɗauke ta aiki aka yi.

Na dawo na gaya masa, ban rage komai ba. Wani ɓangare na zuciyata ma daɗi ya ji, Allah ya sani. Ya ce, "Iska." Ya sake cewa, "Iska." Sannan ya ce, "To, a nuna mini zanen kawai. In na ga inda ya zauna ya ishe ni."

Nan fa ake yin ta. Wane zane? Bai san sunansa ba. Bai san abin da ke cikinsa ba. Ya san dai tsawonsa da faɗinsa, ya san akwai faci a bayansa ta ƙasa, da inda Mutumin ya dangwala jan fenti da babban yatsa. Ya bi bango yana auna zane-zanen da ido, yana buɗe taƙi a iska. Da ya ga wanda ya yi kusa da girman, sai ya matsa, ya manna kuncinsa da bango, ya rufe ido ɗaya yana leƙen bayansa.

"Baba! Baba, ba a taɓawa!" Mai gadi ne, saurayi mai kaki, ya taho da sauri.

"Ban taɓa ba, ɗana. Bayan nake son gani. Ko za ka ɗan juya mini shi?"

"In juya me?"

"Zanen. Minti ɗaya, in ga bayansa."

Wasu 'yan mata biyu da ke ɗaukar kansu hoto suka ƙyalƙyale da dariya, ɗaya ta toshe baki da gyale. Mai gadin ya dube ni ya ce, "Hajiya, don Allah ki riƙe shi." Kamar akuya ce ta shigo gonar mutane. Na riƙe hannun babana, fuskata tana zafi, ban san da wa nake fushi ba a cikinsu.

A ɗaki na ƙarshe na gan shi. Ban iya kallon zane ba, ban san abin da masana suke nema a ciki ba, amma wannan ya tsayar da ni cak. Ɗaki ne mai ɗan duhu, haske yana shigowa ta taga. Wata mata ta ba mu baya, tana guga a kan baƙin tebur. Ba a ganin fuskarta ko kaɗan. Amma ta jingina nauyinta a ƙafar hagu, ta ɗora tafin ƙafar dama a kan ta hagun, ta ɗan karkatar da wuya gefe ɗaya, ƙullin ɗankwalinta ya zame zuwa bayan kunne. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan tsayuwa. Na girma ina kallon wannan bayan daga bakin ƙofa, ina jiran ta juyo. Har tabon dutsen guga yana nan a gefen teburin, an ɗiga shi da baƙin fenti.

Ashe abin da mutumin nan yake yi ke nan a tsakar gidanmu, da kofin shayinmu a hannu. Ya zana ta bai tambaye ta ba, ya zana teburinta, sannan ya aiko a sare teburin a yi wa zanensa sutura. Kuma a ɗan allon da ke gefe an rubuta "Mai guga", shi ke nan.

Baba ma ya tsaya, amma ta gefe. Ya sunkuya yana duban bakin ƙyallen, inda wasu ƙananan huji suke jere. "Shi ne," ya ce, muryarsa ta ɗan tashi. "Ga wurin ƙusoshina. Kin ga tazararsu? Ba mai jera ƙusa haka sai ni."

"Baba, dubi matar."

Ya ɗaga kai, ya yi mata irin kallon nan ɗaya nasa. "Mai guga ce," ya ce. "Shi ya sa ya ce baƙin katako. Ɗakin da duhu." Ya koma kan hujinsa.

Na kau da kai. Da na buɗe baki a lokacin, da duk gidan ya ji ni.

Can ya miƙe da ƙyar, ya ce kansa yana juyawa, yana so ya wanke fuska. Na kai shi wani lungu a bayan matakala, inda banɗakuna suke. A wajen ƙofofin akwai wurin wanke hannu na kowa da kowa, da famfo mai ɗiga, da kwandon shara. A saman famfon an rataye babban madubi. Na ga Baba ya tsaya da hannunsa a miƙe bai kai ga famfon ba.

Firam ɗin madubin baƙin katako ne, mai kauri, an sassaƙa masa siririn layi a ciki. Ruwan da mutane suke yarfawa ya cinye ƙasansa, ya yi fari-fari. Kusurwa ɗaya ta buɗe baki, har ana iya cusa farce. Wani ya manna cingam a gefe.

Bai dubi fuskarsa a madubin ba. Ni ce na gan shi a ciki, tsoho cikin rigar biki, firam ɗinsa ya kewaye shi. Ya sa babban yatsa ya danna kusurwar da ta buɗe, ta haɗu, ya saki, ta sake buɗewa. Ya ciro hankici ya cire cingam ɗin, ya goge ruwan a hankali. Sannan ya zura yatsa ta gefen sama, ta wajen bango, ya shafa wani wuri.

"Kawo hannunki," ya ce. Ya ɗora yatsana a wurin. Katakon ya ɗan lotsa, da kaushi. "Nan uwarki ta saki dutsen guga, ranar da kika fasa haɓa. Ban goge shi duka ba. Na juya shi ta baya don kada a gani, amma ban goge ba."

Wani mutum ya fito daga banɗaki, ya ce mu ɗan matsa. Muka matsa. Ya wanke hannu, ya gyara gashin baki a madubin, ya yarfe ruwa a kan katakon da aka goge yanzu, ya tafi.

Baba ya daɗe yana kallon ɗigon ruwan. Ya ce, "Gwamma da ban kawo ta ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ai ta riga ka zuwa, Baba. Tana can ɗakin ƙarshe, ta daɗe a tsaye. Ka je har gabanta kana ƙirga hujin ƙusa."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Sannan ya juya, ba tare da ya jira ni ba, ya kama hanya yana dafa bango. Mai gadin ya taso, na yi masa wani kallo, ya koma ya zauna.

Wannan karon a gaba ya tsaya, tsakiya, inda masu kallo suke tsayawa. Ya sa hannuwa a baya. Ban taɓa ganin ya dubi fuskar zane fiye da ƙiftawar ido ba, amma ranar ya tsaya har ƙafafuna suka gaji, har hasken tagogin sama ya koma ja, mutane suka ragu. Leɓensa yana motsi ba sauti. Wannan zane ya yi kwanaki a shagonsa, kife a kan bargo, ita kuma tana ɗaki na kusa tana guga a ƙasa a kan tabarma, don ba tebur.

"Ashe haka take tsayawa," ya ce.

Aka buga ƙararrawar tashi. Yarinyar teburin shiga ta ce mana sai mun sake zuwa, ta tambayi Baba wane zane ya fi burge shi. Ya wuce ta ya fita, na bi bayansa.

Tun daga ranar ban sake jin ya ce aikinsa yana rataye a ko'ina ba. In jikokinsa suka tambaye shi sana'arsa sai ya ce kafinta, shi ke nan. Ya daina duban bangon mutane. Na ɗauka zan ji sanyi a raina da na ga haka, ban ji ba.

Amma maganar da ta fi zauna mini ita ce ta cikin mota, a hanyarmu ta komawa. Mun yi nisa, yana kallon waje, hankicin nan a dunƙule a hannunsa. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ke da kike zama a bakin ƙofa. In tana guga, waƙa take yi ko shiru take yi?"

Da na ce waƙa, da ya yarda. Na ce, "Faɗa take yi da kai, Baba. Ƙasa-ƙasa, don kada ka ji."

Ya gyaɗa kai. "Ko ta ɗaga murya ba zan ji ba," ya ce. "Ina yanka katako."